Kiyaye tazara daga doron ƙasa da ido a tuƙin jirgin sama

Kiyaye tazara daga doron ƙasa da ido wata ƙa'ida ce a harkar sufurin jiragen sama. Tana ba matuƙi damar tafiya da jirginsa ƙasa da mafi ƙarancin tsayin da aka ƙayyade wa wani yanki, da sharaɗin yana ganin ƙasa da idonsa, kuma ya ɗauki nauyin kauce wa tuddai, duwatsu, bishiyoyi, ƙarafunan sadarwa da wayoyin lantarki. Ana aiki da ita ko da jirgin yana ƙarƙashin jami'in kula da zirga-zirgar jiragen sama kuma yana bin umarninsa. Izinin da jami'in ya bayar a irin wannan hali ba tabbaci ba ne cewa babu abin karo a gaba. Da zarar jirgi ya yi ƙasa da haddin da taswira ta nuna, kariyar da lissafin taswirar ke bayarwa ta ƙare, sai abin da idon matuƙi ya gani.

A arewa maso yammacin Najeriya ƙa'idar tana da muhimmanci saboda hazon hunturu, wanda ke rage gani na tsawon watanni a kowace shekara. A Talata Mafara ta Jihar Zamfara akwai ɗaya daga cikin tashoshin rada da ke bibiyar jirage a sararin samaniyar ƙasar. Rashin fahimtar wanda ke da alhakin kauce wa tuddai, tsakanin matuƙi da jami'in kula da zirga-zirga, ya jawo manyan haɗurra a duniya, inda jirgi mai cikakkiyar lafiya ya afka wa dutse ko bishiyoyi ba tare da matuƙansa sun ankara ba. Masana harkar suna taƙaita sunan wannan nau'in hatsari da CFIT.

Haddin tsayi da ire-irensa

Ana tuƙa jirgin sama ne a kan ɗaya daga cikin tsari biyu. Na farko tuƙi da gani, wanda ake kira VFR, inda matuƙi ke duban waje yana gane hanya da koguna, tituna da garuruwa. Na biyu tuƙi da na'urori, wato IFR, inda jirgi zai iya ratsa gajimare ko hazo yana dogaro da agogunan da ke gaban matuƙi da taswirorin da aka wallafa. Jiragen fasinja na haya kusan duk a kan tsari na biyu suke tafiya.

Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga Yarjejeniyar Chicago ta 1944, ita ce ta shimfiɗa ma'aunin da ƙasashe ke bi. A Rataye na 2 na yarjejeniyar, jirgin da ke tafiya da na'urori dole ya kasance aƙalla ƙafa 1,000, wato mita 300, sama da abu mafi tsawo da ke cikin kilomita 8 daga inda yake. A yankin manyan tsaunuka tazarar tana komawa ƙafa 2,000, wato mita 600. Mai tuƙi da gani kuwa ba ya yin ƙasa da ƙafa 500 daga doron ƙasa ko ruwa, kuma a kan gari ko taron jama'a sai ya ba abu mafi tsawo da ke cikin mita 600 tazarar ƙafa 1,000. Lokacin tashi da lokacin sauka ne kawai aka ware.

Daga wannan tushe ake fitar da haddodi daban-daban:

- Haddin hanya: mafi ƙarancin tsayin da aka rubuta wa kowane yanki na hanyar jirage tsakanin tasha da tasha.
- Haddin kewayen fili, MSA: tsayin da ke ba da tazarar ƙafa 1,000 daga duk wani abu a cikin mil 25 na teku, kimanin kilomita 46, daga wata na'ura ko alama da ke filin jirgi.
- Haddin jagorar rada, MVA: mafi ƙarancin tsayin da jami'i zai iya ba jirgin da yake juyawa da umarninsa. Sau da yawa ya fi MSA ƙasa, domin an yanka taswirarsa ƙanana-ƙanana.
- Haddin yanke shawara: tsayin ƙarshe a lokacin gangarowa sauka. Idan matuƙi ya kai shi bai ga titin jirgi ko fitilunsa ba, dole ya fasa sauka ya koma sama. A na'urar jagorar sauka ta ILS mataki na ɗaya, wannan haddi ba ya yin ƙasa da ƙafa 200.

Lissafin ba shi da wuya. Idan aka ɗauka wani fili yana ƙafa 1,000 sama da teku, kuma akwai ƙarfen sadarwa a kan tudu wanda ƙololuwarsa ta kai ƙafa 1,600 sama da teku, haddin wannan sashe ba zai gaza ƙafa 2,600 ba. Matuƙin da ya tsaya a wannan tsayi ba ya buƙatar sanin inda ƙarfen yake. Wanda ya sauko ƙafa 1,800 kuwa dole ya gan shi da idonsa.

Rabon alhaki

Rataye na 11 ya lissafa ayyukan jami'an kula da zirga-zirga: hana jirage karo da juna a sama, hana su karo da wani abu a farfajiyar fili, tsara tafiyarsu, ba su bayanai, da sanar da masu ceto idan an shiga hatsari. Hana jirgi karo da tudu ba ya cikin jerin. Littafin aikin jami'an, wanda ICAO ta ba lamba 4444, ya nanata cewa izinin jami'i ba ya sauke wa matuƙi nauyin tabbatar da cewa tsayin da aka ba shi ba shi da hatsari.

Akwai togaciya guda. Idan jami'i ya karɓi jagorar jirgin da ke tafiya da na'urori, yana faɗa masa inda zai juya da rada, ko ya ba shi hanyar yanke da ta fitar da shi daga hanyar da aka wallafa, to wajibi ne tsayin da zai ba shi ya zama mai cikakkiyar tazara har lokacin da matuƙi zai koma jan ragamar hanyarsa da kansa. Dalili shi ne, a wannan lokaci matuƙi ba lallai ya san takamaiman wurin da yake a kan taswira ba.

Saboda haka alhakin yana sauya hannu a cikin tafiya ɗaya. Matuƙi ne ke riƙe da shi a kan hanyar da aka wallafa, jami'i ya karɓa idan ya fara jagora da rada, sannan ya dawo wa matuƙi da zarar ya ce yana ganin ƙasa kuma an ba shi izinin ci gaba da ido. Wurin hatsari shi ne gaɓar miƙa hannu, inda kowane ɓangare zai iya zaton ɗayan ne ke lura. Shi ya sa ake amfani da ƙayyadaddun kalmomin Turanci a rediyo, kuma matuƙi yake maimaita umarnin da ya ji domin jami'i ya tabbatar an fahimce shi.

Lokutan da ake yin ƙasa da haddi

Mafi yawan lokaci shi ne gangarowa sauka da ido. Jirgin da ke tafiya da na'urori zai iya barin tsarin gangarowar da aka zana a taswira ya miƙe zuwa titin jirgi, idan matuƙi zai iya ci gaba da ganin ƙasa kuma yanayi ya nuna za a iya kammala saukar haka. Matuƙi na iya nema, jami'i ma na iya ba da shawara, amma sai matuƙi ya yarda. Amfaninsa rage lokaci da mai. Jami'i yana ci gaba da raba jirgin da sauran jirage, amma tuddai da ƙarafuna sun koma wuyan matuƙi.

Na biyu shi ne tashi daga ƙaramin fili wanda ba shi da taswirar tashi. Jirgi yana farawa daga ƙasa, saboda haka dole ya ratsa tazarar da ke tsakanin titin jirgi da haddin yankin. A Amurka, idan mai tuƙi da gani ya nemi komawa tsarin na'urori alhali yana ƙasa da haddi, jami'i yakan tambaye shi ko zai iya kiyaye tazara daga tuddai da kansa har ya hau zuwa haddin. Idan ya ce zai iya, a ba shi izini. Idan ya ce ba zai iya ba, sai a umarce shi ya ci gaba da tuƙi da gani ya faɗi abin da yake niyyar yi.

Na uku shi ne izini na musamman na tuƙi da gani a kewayen fili idan yanayi bai kai ma'aunin da aka saba ba. Ma'aunin da aka saba a ƙasa da ƙafa 10,000 shi ne ganin kilomita 5. Da izini na musamman za a iya tafiya idan gani a ƙasa bai gaza mita 1,500 ba, matuƙar jirgi bai shiga gajimare ba.

Na huɗu ayyuka ne da ba sa yiwuwa sai kusa da ƙasa: feshin magani a gonaki, binciken ma'adinai daga sama, duba layukan lantarki, ceto da jirgi mai saukar ungulu, da sintirin soja. Waɗannan suna buƙatar izini na daban daga hukuma.

Tashar rada ta Talata Mafara

Hukumar Kula da Sararin Samaniyar Najeriya, NAMA, wadda aka kafa da dokar 1999, ita ke ɗaukar jami'an kula da zirga-zirga da kula da na'urorinsu. A taswirar ICAO sararin Najeriya yana ƙarƙashin yankin bayanan jirage na Kano, kuma ana tafiyar da shi daga manyan cibiyoyi biyu, Kano da Legas.

A watan Oktoba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da aikin TRACON, wanda kamfanin Thales na Faransa ya gina domin rada ta game sararin ƙasar. Aikin yana da tashoshi tara. Huɗu suna filayen jiragen Legas, Abuja, Kano da Fatakwal, kuma suna da rada iri biyu. Sauran biyar suna Talata Mafara, Maiduguri, Numan, Obubra da Ilori, kuma rada mai tambaya kaɗai ke gare su. Ta Talata Mafara ce ke kallon kusurwar arewa maso yamma.

Bambancin iri biyun yana da muhimmanci. Rada ta farko tana aika igiyar rediyo ta jira ta bugi jikin jirgi ta dawo. Rada mai tambaya kuwa tana aika saƙo ne ga wata na'ura da ke cikin jirgi, taransfonda, ita kuma ta amsa da lambar jirgin da tsayinsa. Jirgin da ba shi da wannan na'ura, ko aka kashe ta, ba ya fitowa a allon. Haka kuma rada mai tambaya ba ta ganin dutse, bishiya ko ƙarfen sadarwa, domin ba su da abin amsawa. Tsayin da jami'i ke karantawa ma ba radar ce ta auna shi ba, jirgin ne ya aiko shi daga ma'auninsa.

Irin wannan rada tana kaiwa mil 250 na teku, kimanin kilomita 460, amma ga jirgin da ke can sama ne kawai. Igiyarta a miƙe take tafiya, duniya kuwa a lanƙwashe take. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, jirgin da ke ƙafa 10,000 sama da tasha ana iya ganinsa daga nisan kilomita 230 ko kusa da haka, wanda ke ƙafa 1,000 kuwa bai wuce kilomita 70 da 'yan kai ba. Tsakanin Talata Mafara da filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato akwai kimanin kilomita 100 a miƙe. A wannan lissafi, jirgin da ke gangarowa Sakkwato zai fara ɓacewa daga wannan tasha idan ya rage masa kamar ƙafa 2,000 ya taɓa ƙasa. Wato daidai lokacin da jirgi ya fi kusa da abin karo, lokacin ne rada ta fi gaza ganinsa. Rediyon da matuƙi ke magana da jami'i da shi ma yana da irin wannan iyaka.

Yanayin ƙasar Talata Mafara, Bakura da Maradun

Ƙasar wannan yanki tana gangarawa a hankali daga gabas zuwa yamma, daga kimanin mita 450 sama da teku a Gusau zuwa kimanin mita 300 a Sakkwato. Ba yankin manyan tsaunuka ba ne. A gabashin Zamfara akwai duwatsu masu tashi su kaɗai a tsakiyar fili, irin Dutsen Kwatarkwashi da ke kusa da Gusau. Idan aka nufi Bakura da Sakkwato ƙasar tana ƙara shimfiɗewa.

Babbar alamar da ake gane yankin da ita daga sama ita ce madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, da tafkinta da gonakin ranin da ke shan ruwanta a ƙananan hukumomin Maradun, Talata Mafara da Bakura. A rani, koren gonakin shinkafa yana fita sarai a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Titin Gusau zuwa Sakkwato, wanda ya ratsa Talata Mafara, shi ma alama ce da mai tuƙi da gani zai iya bi.

Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana da nata hatsarin, domin tana sa matuƙi ya saki jiki. Abubuwan karo a nan ba su da girman tsauni, amma sun fi wuyar gani: ƙarafunan sabis na waya da na gidajen rediyo, wayoyin da ke ɗaure su, da manyan layukan lantarki. Siririyar waya ba ta bayyana sai an zo dab da ita. Matuƙan da ke feshin maganin tsuntsayen jan-baki, waɗanda ke cinye shinkafa da gero a jihohin Zamfara, Sakkwato da Kebbi, suna aiki ne a tsayin da babu wata taswira ko rada da za ta kare su, kuma sukan yi shi da magariba lokacin da tsuntsayen suka koma makwancinsu, haske yana raguwa.

Tsaro ma ya shafi shawagi a yankin. A watan Maris na 2021, bayan sace ɗalibai mata a makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara, Gwamnatin Tarayya ta ayyana haramta shawagin jirage a sararin Zamfara. A 2024 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da aikin gina filin jirgin sama na Gusau. Kafin a wallafa taswirar sauka ta kowane sabon fili, sai an auna duwatsu da ƙarafunan da ke kewaye da shi, domin daga wannan awo ake fitar da haddodinsa.

Iyakar ido

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A ranakun da hazo ya yi kauri, gani yakan ragu zuwa ƙasa da mita 1,000, kuma a kan jinkirta ko soke tashin jirage a Kano, Sakkwato, Katsina da Maiduguri. Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, ita ke ba filayen jirage rahoton gani da iska.

Hazo yana yaudara ta wata hanya ta musamman. Matuƙin da ya dubi ƙasa kai tsaye ta tagar gefe zai iya ganin gonaki da rufin gidaje, domin ƙurar da ke tsakaninsa da su ba ta da kauri sosai. Idan ya dubi gaba a karkace, idonsa yana ratsa ƙura mai nisan kilomitoci, ba ya ganin komai sai fari-fari. Yana iya cewa yana ganin ƙasa, kuma gaskiya ya faɗa, alhali ba ya ganin abin da jirginsa ya nufa. Lamarin yana ƙara muni idan ya fuskanci rana da safe ko da la'asar. Jirgin da ke gangarowa da gudun kilomita 260 a sa'a yana cin mita 1,000 a cikin daƙiƙa 14 kacal.

Dare yana da tasa matsalar. Idan babu wata, kuma ƙauyukan da ke gaban fili ba su da fitilu, matuƙi yana ganin fitilun titin jirgi kaɗai a cikin baƙin duhu. A irin wannan hali ido yakan nuna masa ya yi sama da yawa, sai ya sauko ƙasa da yadda ya kamata ya taɓa ƙasa tun bai kai fili ba. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, hadari yakan taso da sauri da ƙura a gabansa, ya rufe gani cikin mintoci.

Ƙa'idar ba ta bar wa matuƙi zaɓi a nan ba. Sharaɗin gani yana nan daga farko har ƙarshe. Idan gani ya yanke, izinin ya faɗi ke nan: dole ya hau zuwa haddi nan take ya sanar da jami'i.

Ma'aunin tsayi

Ma'aunin tsayin jirgi yana aiki ne da nauyin iska, ba ya auna tazarar da ke tsakanin jirgi da ƙasa. Kafin sauka jami'i yakan ba matuƙi lambar nauyin iskar wurin, wadda ake kira QNH, ya saita ma'auninsa da ita. A can sama kowa yana amfani da lamba ɗaya, hektofaskal 1013. Kuskuren hektofaskal ɗaya yana kawo bambancin kusan ƙafa 30. Idan aka yi kuskuren goma, jirgi zai iya kasancewa kusan ƙafa 300 ƙasa da abin da agogo ke nunawa. Wanda ke kan haddi yana da rarar ƙafa 1,000 da za ta shanye wannan kuskure. Wanda ya riga ya yi ƙasa da haddi ba shi da ita.

Haɗurran da suka gyara dokoki

A ranar 1 ga Disamba 1974 jirgin TWA mai lamba 514, ƙirar Boeing 727, yana gangarowa filin Dulles kusa da Washington a cikin gajimare. Jami'i ya ba shi izinin fara tsarin sauka. Matuƙan suka ɗauka izinin yana nufin za su iya saukowa ƙafa 1,800 nan take, suna zaton rada na jagorarsu, alhali haddin sashen da suke ƙafa 3,400 ne. Jami'in kuma ya ɗauka za su bi taswira. Jirgin ya bugi tsaunin Weather a jihar Virginia, mutum 92 suka mutu. Bayan haka Amurka ta fayyace ma'anar kalmomin izinin, ta kuma wajabta na'urar gargaɗin kusantar ƙasa a manyan jirage.

A ranar 28 ga Nuwamba 1979 jirgin Air New Zealand mai lamba 901, ƙirar DC-10, ya kai 'yan yawon buɗe ido kallon ƙanƙarar Antatika. Haddin hanyar ƙafa 16,000 ne. Matuƙan suka sauko da ido, da sanin jami'an tashar McMurdo, har kusan ƙafa 1,500. Ba su san an sauya lambobin hanyar da aka saka wa kwamfutar jirgin ba, wanda ya sa suka nufi tsaunin Erebus. Farin gajimare a sama da farar ƙanƙara a ƙasa suka haɗe, tsaunin ya yi kama da fili. Radar McMurdo ba ta taɓa ganinsu ba. Mutum 257 suka mutu. Rahoton farko ya ɗora laifi a kan matuƙa, amma kwamitin Mai Shari'a Peter Mahon a 1981 ya ɗora shi a kan sauya hanyar da kamfanin ya yi ba tare da sanar da su ba.

A ranar 9 ga Mayu 2012 wani jirgin Sukhoi Superjet 100 da ake nuna wa masu saye a Indonesiya ya nemi saukowa daga ƙafa 10,000 zuwa 6,000, jami'i ya amince. Tsaunin Salak da ke kusa ya haura ƙafa 7,000. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara, matuƙan suka kashe ta suna zaton kuskure ne. Duka mutum 45 suka mutu.

Najeriya ma ta ga irin wannan. A ranar 20 ga Nuwamba 1969 jirgin Nigeria Airways ƙirar VC10, wanda ya taso daga Landan ya biya ta Rum da Kano, ya bugi bishiyoyi kimanin kilomita 13 kafin titin jirgin Legas, mutum 87 suka rasu. A ranar 17 ga Satumba 2006 jirgin sojan sama ƙirar Dornier 228 da ya tashi daga Abuja zuwa Obudu ya faɗa kan wani tudu a Jihar Binuwai, mutum 13 suka rasu, yawancinsu manyan hafsoshin soja. A ranar 15 ga Maris 2008 wani Beechcraft 1900D da ya nufi ƙaramin filin Bebi a Jihar Kuros Riba ya ɓace da ma'aikata uku, sai a ƙarshen Agusta mafarauta suka gano tarkacensa a cikin tsaunuka. A watan Fabrairu na 2024 jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da shugaban kamfanin Access Holdings, Herbert Wigwe, ya faɗi da dare a jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum shida suka rasu. Masu bincike sun gano matuƙin ya ci gaba da tuƙi da gani bayan yanayi ya rufe, har ya kasa gane sama da ƙasa.

Na'urorin gargaɗi

Na'urar gargaɗin kusantar ƙasa, GPWS, wadda ake danganta ƙirƙirarta ga injiniya Don Bateman, tana auna tazarar da ke ƙarƙashin jirgi da igiyar rediyo, ta yi magana da murya idan tazarar tana raguwa da sauri. Rauninta shi ne ƙasa kawai take duba, ba ta ganin dutsen da ya miƙe tsaye a gaba sai an makara. Daga 1996 aka fito da ingantacciya, wadda ke ɗauke da taswirar tuddan duniya tana haɗa ta da bayanin tauraron ɗan'adam, ta yi gargaɗi tun da sauran lokaci. Ana koya wa matuƙa cewa idan ta ce a ɗaga jirgi, a ɗaga kafin a yi tambaya, sai fa idan rana ce tsaka kuma ana ganin babu komai a gaba.

A ɓangaren jami'ai akwai tsarin MSAW, wanda ke kwatanta tsayin da jirgi ya aiko da taswirar tuddan da aka saka wa kwamfuta, ya kunna alama a allo idan jirgi ya yi ƙasa da yawa. Yana aiki ne kawai inda rada ke ganin jirgin, kuma inda aka shigar da bayanan tuddan wurin daidai.

Hukumomi da horarwa a Najeriya

Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ita ke kafa dokoki, tana ba matuƙa da jami'ai lasisi, kuma ita ke ba da izinin tsawo kafin a kafa dogon gini ko ƙarfen sadarwa da zai iya shafar jirage. Ana buƙatar a yi wa dogayen ƙarafuna fenti ja da fari, a sa musu jar fitila da dare. NAMA tana wallafa taswirori da sanarwar gaggawa ga matuƙa idan an samu sabon abin karo ko wata na'ura ta lalace. Binciken haɗurra yana hannun hukumar NSIB, wadda ta gaji hukumar AIB a 2022.

Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da jami'an kula da zirga-zirga a harabar guda. Cikin abin da ake koya wa matuƙi akwai cewa yana da ikon ƙin karɓar izinin sauka da ido idan bai gamsu da abin da yake gani ba, ya nemi cikakken tsarin na'urori, ko ya karkata zuwa wani fili. Ana koya wa jami'i kuma ya sanar da matuƙi nan take idan ya ga tsayinsa ya yi ƙasa da yadda ya dace, ko da alhakin tazarar ya riga ya bar hannunsa.